Me ya sa muke tausayin kurciya amma mu jefi mujiya?

Abban Sadik (Tudun Wada)
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ga gara in kawo shi nan. Ana gyaran rufin wani tsohon sito a layinmu, kafinta ya ɗaga kwano sai ga mujiya ta faɗo ƙasa, hasken rana ya ruɗa ta, ta rasa inda za ta nufa. Kafin ka ce kwabo yara sun kewaye ta da duwatsu. Manya suna zaune a benci suna kallo, wani dattijo da nake ganin girmansa ma cewa ya yi a yi maza a ƙarasa ta kafin ta jawo wa unguwa mutuwa. Ko da na isa an riga an karya mata fiffike. Irin mai farar fuskar nan ce, bayanta ruwan zuma da ɗigo-ɗigo, ta kwanta rigingine ta miƙo farata tana huci. Ba ta kai la'asar ba.

Dattijon nan da idona na taɓa ganin ya ƙwace danƙo a hannun wani yaro don ya harbi kurciya, ya yi masa faɗa sosai, ya ce baiwar Allah ce ba ta ci maka komai ba. Kuma gaskiya ya faɗa. To ita mujiyar me ta ci mana? Da aka share silin ɗin siton, abin da aka kwaso curi-curin gashi ne da ƙananan ƙasusuwa da ƙoƙunan kan ɓeraye, tuli guda.

Tambayata ke nan: me ya sa duk dabbar da ke kama wata muke mata kallon azzaluma, wadda ake kamawa kuma mu yi mata kallon marainiya, alhali mu ma wuƙarmu ba ta rabo da wuyan kaza?

Maman Ummi (Ƙofar Gayan)
Wa alaikumus salam. Abban Sadik, ban goyi bayan jifan mujiya ba, amma don Allah kada a haɗa mini ita da shirwa a ce duk mu tausaya. Wanda bai taɓa kiwon kaji ba ba zai gane ba. Kaza ta kwanta sati uku a kan ƙwai, kina lallaɓa ta, kina hana yara zuwa bakin akurki, ta ƙyanƙyashe, ki fara lissafin waɗanda za ki sayar ki biya kuɗin Islamiyya da wanda za ki ajiye na Sallah. Ranar da suka fara fitowa tsakar gida sai ki ga inuwa ta gifta, uwar ta ƙwala ƙara ta baje fiffike, kafin ki ajiye muciya an tafi da ɗaya. Gobe kuma ta dawo, don ta gane gidan. Kukan ɗan tsakon nan yana sama yana ƙara nisa, har cikin raina nake jin sa. Kajin nan su ne asusuna, ba ni da wani. Don haka in na ga shirwa, jifa ne, kuma ba zan ɓoye ba.

Ɗanlami PZ
Gaskiyarki Maman Ummi. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Mai albashi ne zai zauna yana yabon kyan tsuntsu.

Abban Sadik (Tudun Wada)
Ɗanlami, ban raina asarar kowa ba, mahaifiyata ma da kiwon kaji ta yi mana ɗawainiya. Korar shirwa daga kan 'yan tsaki daban, taruwa a kan tsuntsun da ya faɗo ba ya iya tashi daban.

Mai Tattabaru (Kwarbai)
Ni abin nawa ya fi na kowa rikitarwa. Tun ina yaro nake kiwon tattabaru, kuma babu abin da ya cuce ni kamar shaho. Da safe na sake su, su yi sama su fara kewaya unguwa, sai ka ga garken ya tsinke gida biyu. Daga can ƙololuwa yake zuwa, ta wajen dutsen Kufena, ya naɗe fiffike ya sulalo, sai dai ka ji bugu ka ga gashi yana saukowa a hankali. Ya taɓa ɗauke mini wata mace tana kan renon 'ya'ya, dole na riƙa ɗura musu jiƙaƙƙen gero da hannu.

Amma wallahi duk ranar da na ga saukowar nan, tsigar jikina sai ta tashi, in ce tsarki ya tabbata ga wanda ya halicce shi. Ina jin haushinsa, ina kuma jin kwarjininsa. An sha kawo mini shawarar in shafa wa tattabara ɗaya guba in sake ta, ban iya ba.

Baba na Bomo
Yarana, ku 'yan birni kun ɗauka duk duniya haka ake kallon abin. Ku zo gona ku gani. Mu a nan wanda kuke tausayi shi ne abokin gabarmu. Kurege da kuke cewa abin sha'awa, ka shuka gyaɗa yau, gobe ka tarar ya bi layi ya tone ta tas. Gafiya ta shiga rumbu. Kurciyar ma da dattijonku yake karewa, in aka shanya dawa a fage ai ba azumi take yi ba. Dawa ta fara nuna, jikokina tun asuba suna kan gona da gwangwani suna korar tsuntsaye, makaranta ma sai an rarrashe su. Ran da shaho ya zauna a kan ɗorawar da ke bakin gonata, ran nan muke hutawa. Ni ban taɓa jifan shaho ba, kuma na hana a jefa.

Sannan ku duba shamuwa. Da ta sauka a kan rimi mun san ruwa ya kusa, a fara gyaran garma. Ba yaron da ya isa ya taɓa ta, tun kakanninmu haka muka taras. To me take ci? Fara da tsutsa da kwaɗi, da ransu take haɗiye su. Belbela ma haka. Su ma ai kamun rai suke yi, amma da yake abin da suke kamawa ba namu ba ne, ba wanda ya taɓa kiran su azzalumai.

Malama Hauwa (Kongo)
Baba, Allah ya ƙara girma, kun taɓo inda maganar take. Tausayinmu dukiyarmu yake bi, da kuma abin da ido ya gani. Shirwa da rana tsaka take ɗauka a gaban kowa, ɗan tsako yana kuka. Ɓera kuwa cikin dare yake ɓarnarsa a hankali, ba jini ba ƙara, sai an zo awo a ga buhu ya rame. Ga kuma abin da aka shayar da mu tun muna kan tabarmar kaka: a tatsuniya kura ce kullum mai haɗama da wauta, ita ke shan duka, mu kuma mu yi ta murna. Yaron da ya tashi da wannan, ya ga gardawa sun zo da kura da takunkumi a baki suna jan ta da sarƙa a rana, ba zai ji komai ba. Da barewa aka yi wa haka, da kasuwar gaba ɗaya ta ce kai jama'a.

Malamin Islamiyya (Ƙofar Doka)
Bismillah. Tunda an ambaci mutuwa da mujiya, wajibi ne a gyara wannan tukuna. Camfi ne, kuma tsohon camfi ne, Larabawan jahiliyya ma suna da shi: in mujiya ta sauka a kan gidan mutum sai ya ce ta zo masa da sanarwar mutuwa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim yana kore wannan tare da sauran camfe-camfen tsuntsaye. Ajali yana hannun Allah, tsuntsu bai san nasa ba balle na wani.

Na biyu, akwai hadisin dabbobi biyar da aka yi izinin kashewa ko mutum yana cikin harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, yana cikin Bukhari da Muslim. Maman Ummi, ga shirwarki a ciki, shari'a ta san da cutarwarta. Amma ku lura, ɓera ma yana ciki, shi da kowa ke farauta. Ashe ma'aunin shi ne cutar da mutane, babu ruwansa da wane ne mai kamu, wane ne abin kamu. Mujiya kuwa ba ta ciki.

Na uku, ko abin da aka halatta kashewa an umarce mu da kyautata kisan. Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya sanar da su cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Abin da yaran nan suka yi ke nan, manya suna kallo. A Suratul An'am aya ta 38 Allah ya ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu, a Suratu Hud aya ta 6 kuma ya ce arzikin kowace dabba yana kansa. Shaho bai zaɓi abincinsa ba, kuma ba a ɗora masa hisabin da aka ɗora mana ba.

Hajiya Babba (Gyallesu)
Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. Ni dai na ƙi jinin duk abin da ke cin ɗan'uwansa da rai, zuciyata ba ta ɗauka. Shi ya sa daga kyanwa ba na ajiye komai.

Dakta (Samaru)
Hajiya, da girmamawa, kyanwar nan tana cikin manyan mafarautan da ke zaune da mu. Ko ta ƙoshi sai ta kama ƙadangare da tsuntsu. A Amurka an yi ƙiyasi a 2013 cewa kyanwoyi suna kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara. Ba cewa nake a kore ta ba, tana da amfani kuma addini ya girmama haƙƙinta. Sai dai muna yafe mata ne don tana kwana a gefen gadonmu.

Bari in koma kan abin da Abban Sadik ya gani a silin. Mujiya ɗungurungum take haɗiye ɓera, abin da bai narke ba, wato gashi da ƙashi, sai ta dunƙule shi ta amayar. Curin da aka kwaso ke nan. Da kunne take farauta, tana jin motsin ɓera a duhun da ba a ganin tafin hannu, gashin fiffikenta kuma ba ya ƙara. Mace da namiji masu renon 'ya'ya suna cin ɓeraye fiye da dubu a shekara. A Maleshiya masu gonakin kwakwar manja har akwatuna suke kafa mata a kan sanduna don ta zo ta zauna, haka ma manoma a Jodan da Isra'ila.

Kuma ɓera a ƙasar nan ba maganar hatsi kaɗai ba ce. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno, wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da shi, fitsarinsa da kashinsa su gurɓata abinci, kuma da rani ya fi tashi. Mun kashe mai kama shi kyauta, mun koma sayen shinkafar ɓera. Ɓeran da ya ci gubar ba nan take yake mutuwa ba, zai fito yana layi, kyanwa ko mujiya ko shirwa ta ɗauka, ita ma ta bi shi. Ɓera kuwa cikin 'yan makonni ya sake cika gida, mujiya sai ta shekara ba ta mayar da gurbinta ba. Kaji ma suna tsattsagar gubar, ga kuma yara masu rarrafe.

Sista (Wusasa)
Dakta, na yarda da maganar mujiya ɗari bisa ɗari. Amma na ga inda hirar ta dosa, saura kaɗan a ce maciji ma yana cin ɓera a ƙyale shi. A nan zan tsaya. Na yi jinyar waɗanda kububuwa ta sara, wadda ake kira gobe-da-nisa. 'Yar ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, amma dafinta yana hana jini daskarewa. Za ka ga ƙaton manomi ya zo da ƙafarsa, washegari dasashinsa yana zubar da jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya koma ja. Lokacin shuka da lokacin girbi suka fi zuwa, yawancinsu ba takalmi. Tun shekarun 1970 likitoci irin su David Warrell suka yi bincike a kan saranta a nan Zariya, kuma har yau asibitin Kaltungo a jihar Gombe ba ya rabo da masu wannan lalura. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Uwar da ta ga maciji a ɗakin da jaririnta yake kwance, ba zan ce mata ta tsaya tantance irinsa ba.

Tunda na samu dama: wanda aka sara kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da abin hannu, a hana shi yawan motsi, a yi asibiti da shi nan da nan. Wanda maciji mai feshin dafi ya fesa wa a ido, a wanke da ruwa mai yawa kafin komai.

Dakta (Samaru)
Sista, ba mu saɓa ba. Na cikin ɗaki ko tsakar gida, rai ya fi. Wanda nake roƙo a kansa shi ne na bakin rafin Kubanni ko na cikin jeji da aka gani yana wucewarsa, a tara jama'a a bi shi har rami. Sara da yawa ma a wurin ƙoƙarin kisan ake samun sa. Kuma abin da ke jawo maciji gida shi ne ɓera da tarin shirgi. Gidan da ba ɓera, da wuya ya zauna.

Sista (Wusasa)
Na ji, amma wanda aka bari a bakin rafi yau shi mai ban-ruwa zai taka gobe. A wannan kam ban gamsu ba.

Malama Hauwa (Kongo)
Akwai ƙasashen da suka gwada share wata halitta gaba ɗaya, ya kamata mu san yadda suka ƙare. A 1958 gwamnatin Mao a ƙasar Sin ta yi shelar yaƙi da abubuwa huɗu: ɓera, ƙuda, sauro da gwara, saboda gwara tana cin hatsi. Mutane suka fito da tukwane da ganguna suna bugawa, tsuntsayen suka kasa sauka har suka riƙa faɗowa don gajiya, aka farfasa sheƙunansu. Ashe gwara ce ke cinye ƙwari, musamman lokacin da take ciyar da 'ya'ya. Fara da sauran ƙwari suka samu sake. A 1960 aka cire ta daga jerin, amma ƙasar ta riga ta shiga yunwar 1959 zuwa 1961 da ta ci miliyoyin rayuka. Kashe gwara ba shi kaɗai ya jawo yunwar ba, amma ya ƙara mata tsanani. Wannan tsuntsuwar da Baba zai kira ɓarauniyar hatsi, a wajen ƙwari ita ce shaho.

A Indiya kuma ungulu ce. Daga shekarun 1990 fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu jinsunanta suka mutu, saboda maganin diklofenak da ake yi wa shanu, su ci mushen ƙodarsu ta lalace. Sai 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi. Mushe ya rasa mai ci, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Mahauci (Sabon Gari)
Malama, ba sai mun je Indiya ba. Lokacin da nake bin mahaifina kwata ina yaro, ungulaye a jere suke a kan katanga da rufin rumfuna, har ture su muke da ƙafa. Kafin azahar sun share duk abin da aka zubar. Yau ɗana ya girma a kwata bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba. Masu neman kanta da ƙwanta don haɗa magani sun ƙarar da ita, manyan bishiyoyin da take kwana a kai kuma an sare. Yanzu tumbi da jini sai su kwana suna wari, ƙudaje da karnuka ne suka gaje ta. Ita ko kamun rai ba ta yi, amma da yake ba ta da kyan gani, ba wanda ya ce uffan har ta ɓace.

Dakta (Samaru)
Haka ne. Irin tamu ta cikin gari, tun 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya.

Ɗanlami PZ
Duk na karanta. Amma har yanzu ba wanda ya gaya wa Maman Ummi yadda za ta yi da 'yan tsakinta. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi, amma mai kaza ba za ta zauna ta naɗe hannu ba.

Dakta (Samaru)
Ka yi daidai da ka dawo da mu. Maman Ummi, shirwa ƙananan take iya ɗauka, da sun yi wata ɗaya zuwa sati shida sun fi ƙarfinta. Wannan tsakanin ne kawai za ki tsare su. Babban kwando mai faɗi ko keji na waya, a kife su a inuwa da ruwa da tsaki, a riƙa matsar da shi zuwa wuri mai tsabta. In za su fita, ya zama akwai abin fakewa kusa, ko rumfa ko tarin ƙaya. Da rani ta fi matsawa, musamman in ana ƙona jeji, don tana bin wuta tana cafke fara da ɓerayen da ke gudu.

Sannan ki tuna hunturun da ya wuce: nawa shirwa ta ɗauka, nawa kuma cutar nan ta kwashe, wadda kaza ke yin koren zawo, ta yi ta gyangyaɗi, wuyanta ya murɗe? Ita ce Niyukasil, tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki. Tana da rigakafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin sa, ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu, kuma lafiyayyun kaji ake yi wa.

Maman Ummi (Ƙofar Gayan)
Dakta, cutar ta fi kwasa nesa ba kusa ba, bara har uwar garken ta tafi. Kwando ina da shi, zan gwada. Amma in shirwa ta sauko tsakar gidana zan kore ta da duk abin da hannuna ya kai, guba ce dai ba zan sa ba. Shi rigakafin a ina ake samu, kuma za a sayar wa mai kaji 'yan kaɗan?

Dakta (Samaru)
Kora ai haƙƙinki ne. Ki tambaya a ofishin likitan dabbobi ko shagunan magungunan dabbobi masu firji. Kwalba ɗaya tana isar kaji masu yawa, kuma in an haɗa ta ba a ajiye ragowa, don haka ku haɗa kuɗi da maƙwabta a yi wa na layin gaba ɗaya rana guda. A ɗauko ta cikin kula da ƙanƙara, a yi da sassafe kafin a saki kajin, kuma a yi kafin sanyi ya shigo.

Maman Ummi (Ƙofar Gayan)
To madalla. Akwai gidaje da dama masu kaji a layinmu, zan bi su bayan la'asar in ji waɗanda za su shiga.

Mai Tattabaru (Kwarbai)
Maman Ummi, in kun sa rana ki sanar a nan, akwai kajin maiɗakina. Dakta, su tattabaru fa, ana ɗiga musu irin wannan ko nasu daban ne?